Gwiwar Hannun Elkana

Kai ma ka gan shi, kada ka musa. Ka wuce ta bayan siton nan na Al Quoz ran Juma'a, ka ga wani dogon baƙi yana jifar bango da ƙwallo, ka ce zafin Dubai ya taɓa shi, ka ɗauke kai. Elkana ke nan, ɗan Zonkwa. Kaka biyu ya yi yana jifa wa wata ƙaramar ƙungiyar besbol a Japan. Da kwantiraginsa ya ƙare ya koma gida, jami'an wasanni suka tambaye shi ko besbol ɗin nan shi ne kurket. A 2012 ya zo nan yana loda katan a kwantena.

Tsohon kocinsa bai manta da shi ba. Ya ce ya aiko da bidiyon jifarsa kafin bazara, in hannun na nan za a sake gwada shi. Amma lodi yana cin kafaɗa. Kullum da safe sai Elkana ya murza ta kafin ta yarda ta ɗagu.

Mai tare masa ƙwallo shi ne Ɗalhatu, Bakanon da ke haɗa wa 'yan kasuwa kago, wato kayan da za su aika gida, da safar masu walda a hannu.

“Ɗan Zonkwa, ka tausaya mini,” in ji shi. “Da hannun nan nake cin tuwo.”

“Malam, tsuguna dai. Shinkafar Indiyawa kake ci.”

Foman ɗin sito, mutumin Lahore, ya ga jifar ya rikice. Ya ce Elkana ya shiga ƙungiyar kurket ta ma'aikata, shi kuma ya ɗauke shi daga lodi ya ba shi kujera a ɗakin ajiya mai sanyi. Sharaɗi ɗaya ne. A kurket haramun ne mai jifa ya lanƙwasa gwiwar hannu ya watsa ƙwallo, dole hannu ya miƙe kamar taɓarya. Jifar Elkana kuwa duk a gwiwar take. Ya san in jiki ya saba da waccan, tasa ta tafi.

“Miƙe hannun kawai, khalas, shi ke nan,” Ɗalhatu ya ce. “Kafaɗarka ta huta. Wa ya san besbol a nan?”

“Ni.”

Duk da haka ya je filin, don kafaɗar ta hana shi sukuni. Ƙasa fako, motocin ɗaukar ma'aikata jere a gefe, 'yan kallo a kan bulo. Aka danƙa masa ƙwallo. Foman ya miƙe nasa hannun sama yana nuna masa. “Yalla, habibi, maza abokina, haka!”

Elkana ya dubi sanduna ukun da ke bayan mai bugu. Ya tuna kujerar. Sai ya tsaya cik, ya ɗaga ƙafar hagu har ƙirji, ya lanƙwasa gwiwar nan iya lanƙwasuwarta, ya saki. Mai bugu bai ma motsa ba. Sandar tsakiya ta yi tsalle ta faɗi can baya.

Alƙali ya yi ihu, jifar ba ta halatta ba. Foman ya ce a sake, a miƙe hannu. Elkana ya ajiye masa ƙwallon a tafi.

“Jifar miƙaƙƙen hannu taku ce,” in ji shi. “Tawa tana can bayan sito.”

Ranar Asabar ya koma lodi. Ɗalhatu ya kira shi mai taurin kai, sannan ya sa safar ya tsuguna, har tafinsa ya kumbura ya kasa riƙe waya. Yanzu ba mai tare ƙwallo, ba mai ɗaukar bidiyo, bazara kuma tana matsowa.

Saura kai, da kake cika baki a unguwar Al Buteen cewa ƙasarmu ba ta raya 'ya'yanta. Juma'ar nan, bayan la'asar, ka zo bayan siton. Ka taho da wanda zai riƙe waya. Kai kuma ka sa safar ka tsuguna.