Baki a Bakin Gada

"Lamba ta bakwai ba daidai ba ce," in ji Malam Ɗanlahadi. "Sake."

Ƙarfe uku da kwata ne na ranar Alhamis. Motar Sanusi tana ƙofar gida a kunne, domin in ta mutu sai an tura. An riga an shimfiɗa katifa a bayanta, Mama Rifkatu, matar Malam, ta ɗaure kwanuka da bargo a zane. Abu ɗaya ya rage a saka cikin motar, wato maras lafiyar, shi kuwa yana jingine da bangon rumfa da jan biro a hannu, yana duba aikin gidan jikarsa Rahila.

Katanga ɗaya ce tsakanina da shi shekara goma sha tara. Tsohon malamin firamare ne, ni kuma ma'aikacin gona a ƙaramar hukuma. Mai Digiri yake ce mini, da irin muryar da ake kiran mai ƙaton ciki. Ƙafafunsa sun kumbura tun Litinin, numfashinsa ya koma kamar ana zuga zugazugi mai huji. Ma'aikacin shan-magani na garinmu ya ce ruwa ne ya taru a ƙirji, a kai shi Funtuwa yau, kada a kai gobe. Sanusi ya yarda, da sharaɗin mu wuce gada kafin ƙarfe huɗu. Bayan la'asar hanyar ba tamu ba ce, kowa ya san ta su wa ce.

Na durƙusa na ce, "Malam, aikin nan zai jira. Ni zan duba mata in mun dawo."

Bai ko dube ni ba. Ya ce ya taɓa ganin wasiƙar da na rubuta wa mai unguwa kan taki, kuma ba zai bar yarinya a hannun mutumin da ya rubuta "kasa" yana nufin ƙasa ba.

Ga yadda abin yake. Tun da hanya ta lalace, malamar 'yan aji shida, Malama Mansura, Litinin kawai take iya zuwa daga Faskari. Sai ta riƙa ba su takarda ɗaya ta mako: karatu sakin layi biyu, shifta kalma ashirin, lissafi goma. A ƙasa akwai layin da babba zai sa hannu. Wanda ya kawo babu sa hannu sau biyu, ba za ta saka sunansa a jarrabawar shiga sakandare ba. Yawancin iyaye dangwala yatsa suke yi da bulun wanki. Malam Ɗanlahadi kuwa bai taɓa sa hannu a kan kuskure ba tun yana koyarwa, kuma bai ga dalilin da mutuwa za ta canja masa tsari ba.

Rahila ta karanta lamba ta bakwai. Mota tana gudun kilomita sittin a awa, minti nawa za ta yi a tafiyar kilomita talatin? Ta goge, ta sake, ta samu talatin. Sanusi, da ya leƙo karo na uku, ya ce wanda ya shirya tambayar nan bai taɓa bin hanyar Mairuwa ba.

"Malam, don Allah. Rana na tahiya hwa," in ji Sanusi.

"Saura shifta."

Mama Rifkatu ta ajiye ƙunshinta. Ta gaya masa shekara arba'in da ɗaya tana jiran ya gama duba takardun 'ya'yan mutane kafin ya ci tuwo, yau kuma sai ta jira ya gama kafin ya rayu? Ya ce to ai ta saba.

Ya fara kiran kalmomin. Tsakanin kowace kalma da ta gaba sai ya tsaya neman iska, mu kuma mu tsaya da shi. Ɓera. Ɗinki. Ƙwarya. Na duba agogo, uku da rabi ta wuce. Na yi tunanin mu ɗauke shi da ƙarfi, ni da Sanusi, ba shi da nauyin buhun masara. Na kuma san in muka yi haka, ko ya warke ba zai sake amsa gaisuwata ba. Sai na ci gaba da abin da digiri ya fi koya mini, tsayuwa ina kallo.

A kalma ta goma sha huɗu ya karɓi takardar ya kai ta kusa da ido.

"Amarya, mi na ce?"

Haka yake tsokanarta tun tana goye. Ta ce, "Baƙi, Kaka."

"Mi kika rubuta?"

Ta duba. "Baki."

"To baki na ci da tuwo. Ina ƙugiyar?"

Ya sa ta rubuta kalmar sau goma a bayan takardar. Hawayenta na ɗiga a kan layin, tana kaucewa da biro. Sanusi ya ce wallahi huɗu saura kwata in ba a fito ba zai sauke katifar, shi ma yana da 'ya'ya. Ba wanda ya ga laifinsa.

Tana kan na takwas wayar Sanusi ta yi ƙara. Kira ba ya shiga garinmu sai an hau tudun makabarta, amma saƙon tes yakan lallaɓo. Sanusi bai yi boko ba, sai ya miƙo mini. Malam ya ɗaga biro ya tare.

"Ba ta. Saura karatu."

Daga Nasir ne, ƙanin Sanusi, ɗan acaba. Rahila ta riƙe wayar da hannu biyu ta karanta yadda aka rubuta: "Kada ku taso. Akwai baki a bakin gada." Ta tsaya. Ta sake duban kalmar, ta dubi bayan takardarta. Sannan a hankali ta ce, "Baƙi ne. Akwai baƙi a bakin gada."

A wajenmu ba a kiran sunansu. Baƙi ake cewa, kamar za a kai musu ruwa.

Sanusi ya fita. Muka ji motar ta mutu. Daga baya aka ce tun uku da rabi suka tare wajen, sun kwashi mutanen mota biyu. Ban yi lissafin inda za mu kasance a lokacin, da mun tashi da wuri, ba sai da na koma gida, kuma bai kai wahalar lamba ta bakwai ba.

Malam ya rufe ido na ɗan lokaci. Da ya buɗe, cewa ya yi a gaya wa Nasir ya nemi waya mai ƙugiya. Sannan ya ce Rahila ta ƙarasa biyun da suka rage cikin goman. Ta ƙarasa. Ya ɗora takardar a gwiwa, ya kafa biro a kan layin. Ɗ kawai ya iya yi, da ƙugiyarta cif, sauran sunan ya zama jan zare da ya gangara gefen takarda.

Da safe hanya ta buɗe, Sanusi ya zo tun kafin bakwai da yara biyu masu turi. Sai dai ya mai da katifar ɗaki. Mu muka haƙa kabarin, Musulmi da Kirista, a kan tudun nan, inda wayar kowa ta riƙa ƙara a aljihu.

Malama Mansura ta karɓi takardar ranar Litinin. Rahila ta ce Malama ta daɗe tana kallon layin.

Alhamis ta gaba, bayan la'asar, na ji sallama. Rahila ce da sabuwar takarda da jan biron. Na zauna a dakali na duba lissafin, na duba shiftar, na sa ta yi karatun. Na sa hannu, na ƙara da 'yar yabo a ƙasa: Ta yi kokari.

Ba ta karɓa ba. Ta tsaya a gabana, yatsanta a kan k ta farko, tana jira.