Sau Uku Ya Ce Albarka

Shekara biyu da wata huɗu Habiba ta yi a gidan surukinta a Talata Mafara, kuma ba ta taɓa kwana da daɗin rai ba. Ba yunwa ba ce, ba kuma wulaƙanci ba. Tasi'u mahauci ne, tukunyar gidansa ba ta rabuwa da nama, ko kallon banza bai taɓa yi mata ba. Zaman ne kansa yake cin ta. Mace ta haifi ɗiya, ta aurar, sannan ta ɗauro ƙullin kayanta ta biyo ɗiyar har gidan miji? A garinsu irin wannan ake yi da mutum a bakin rijiya.

Gidan kuma ga shi kamar tafin hannu. Tsakar gida ɗaya, bayi ɗaya, sai ɗan lungu ta gabas inda Tasi'u ke turke ragunan da yake kiwatawa don Babbar Sallah. Da ya yi gyaran murya a zaure sai Habiba ta shige ɗaki. Shi ma tun zuwanta bai ƙara zama tsakar gidansa ba, duk zafin Mafara da rigarsa yake yini, abinci a zaure ake kai masa kamar baƙo. Gaisuwa kawai ke haɗa su, shi a durƙushe bakin ƙofa, ita a bayan labule. Ko sunansa ba ta faɗa, sai dai ta ce mai gidan Murja.

Alhali tana da gidanta. A Gidan Goga yake, ƙasar Maradun, ciki huɗu na bulo, rufin kwano, da rijiya. Ba gado ba ne, don mijinta da ya rasu fartanya da rediyo ya bari. Da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta gina shi, bulo hamsin yau, buhun siminti bayan wata uku, shekara goma sha ɗaya tana abu ɗaya. Da ɓarayin daji suka hana noma, suka hana barci, Murja autarta ta aiko da mota aka ɗauko ta.

A makon farko ta kira Murja ta ce, "Ki gaya wa mai gidanki ni na wakilta shi, tunda ba ni da namiji a raye. Ya samu Lado dillali a sayar da gidan ga, in nemi ɗan wuri nan Mafara in zauna."

Daga nan sai jira. Duk bayan kwana biyu ta tambaya, "Mai gidanki ya ce mi?"

"Ya ce ana kan nema, Inna."

Ana kan nema aka yi damina, ana kan nema aka yi girbi, aka sake wata daminar.

Ranar wata Talata ta shiga kasuwa auno gyaɗa, don ba ta iya zama hannu sake. A layin 'yan hatsi ta ji an ce, "Wa nika gani kamar Gwaggo Habiba?" Lado ne, ya ƙara tumbi, hula a karkace. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi gajiya da zaman baƙunta, aka yi ta'aziyyar waɗanda suka rasu tun rabuwa, su ma ba kaɗan ba ne. Sannan ya rage murya.

"Gwaggo, har yanzu ba ki sauko ba?"

"In sauko daga ina? Bisa icce ka gan ni?"

"Zancen gida nika yi. Sau uku ina kawo mai saye, sau uku wakilinki na cewa albarka. Na ce to, tsohuwa ta riƙe wuta."

Habiba ta ajiye kwanon awon da ke hannunta. Ta ce ya maimaita, a hankali, kamar yana gaya wa kurma.

Ya maimaita. Sambo mai sayen hatsi, wanda gidansa ke jikin nata, shi ya fara tayawa tun watan da ta taso. Lokacin mutane na ganin fitinar ta kwana kaɗan ce, ya taya miliyan biyu da rabi. Tasi'u ya ce albarka, wato bai sallama ba. Bayan damina Sambo ya dawo da miliyan ɗaya da rabi, aka ce albarka. Watan jiya ya ce dubu ɗari tara, aka sake ce masa albarka.

"Yanzu fa?"

Lado ya sosa ƙeya. "Gwaggo, yanzu gida a can ya zama tumatirin yamma. Layinku kaɗai gida shida ke hannuna, kowa so yake ya sayar ya taho nan ko Bakura. Shi kanshi Sambo ya maida iyalinshi Maradun. In ya saya, kwano da ƙyamare zai ɓalle. Nan kuwa, da kuɗin farkon nan da kin samu ciki biyu da tsakar gida a bayan tasha. Yau ko fili sai kin yi da gaske."

"Kai kuma bakinka ciwo ya yi, da ba ka neme ni ba?"

"A'a, Gwaggo. Mai wakili ba a tsallake wakilinshi. Ke ma kin sani."

Ta sani. Ta biya kuɗin gyaɗarta, ta ɗora a ka, ta taho gida a ƙasa ba ta hau babur ba, don tana so zuciyarta ta ɗan huce kafin ta isa. Ba ta huce ba. Abin da ya fara zo mata shi ne yaron nan so yake ta mutu gidan ya faɗo hannun matarsa. Amma wane gida? Wanda kullum ƙara lalacewa yake? Ko ɓarawo ba ya sata haka.

Ta tarar da Murja na tankaɗe. Ba ta ko sauke kayan ba ta ce, "Kin san Sambo ya taya gidana?"

Rariyar ta tsaya. Murja ta sunkuyar da kai. "Na farkon na sani, Inna. Ya ce kar in faɗa miki."

"Don mi?"

"Bai ce ba."

"Ke kuma ba ki tambaya ba. Na haifi tunkiya."

Ta shiga ɗaki ta zauna bakin gado. Akwai mai unguwa, akwai alƙali, kuma ta san duk inda ta kai maganar ita ke da gaskiya. Sai dai matar da ta kai surukinta ƙara ta kashe auren ɗiyarta da hannunta, ga jikoki uku. Amma kuma a ce ta haɗiye? Shekara goma sha ɗaya na hayaƙin suya a idonta? Wallahi a'a.

Bayan la'asar ta ɗauki tabarma ta shimfiɗa a tsakiyar zaure, ta zauna ta miƙe ƙafa. Murja ta leƙo, ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, ta koma da sauri.

Tasi'u ya shigo da sallama, ledar nama a hannu. Da ya gan ta sai ya ja da baya kamar ya taka wuta, ya tuɓe takalmi, ya durƙushe can jikin bango.

"Inna, ina wuni? Lahiya dai?"

"Tasi'u," in ji ta.

Tunda ya auri Murja bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ledar ta sulale ƙasa.

"Yau na aje kunya, gobe in ɗauka. Na ga Lado. Sau uku anka taya gidana, sau uku ka ce albarka. Gidan ubanka ne?"

"A'a, Inna."

"To gaya mini. Kuma ka ɗaga kai, ƙasa ba ta tambaye ka komi ba."

Bai ɗaga ba. Ya ce, "Inna, ranar da Sambo ya fara tayawa kwananki ashirin a gidan ga. Na yi zancen a mahauta, sai abokan aiki sunka sa dariya, wai Tasi'u ya ƙosa, tsohuwa ba ta ko huta ba yana neman inda zai sauke ta. Na je Bakura na gaya wa babana, ya ce in na sallama gidan nan na nuna wa duniya na gaji da ke."

"Ni ba ni na ce a sayar ba?"

"Na ɗauka kara ce, Inna. Na ce kin faɗa ne don kar ki yi mana nauyi. Mu ma in baƙo ya ce zai tafi ai cewa muke ya ƙara kwana."

"Na biyun fa?"

"Na biyun ya faɗi da yawa. Na ce in na karɓa kika ji na farkon, da wane ido zan dube ki? Na ce bari a jira ko zaman lahiya ya dawo, kuɗin ya tashi."

"Na ukun kuma ka jira ya ƙara tashi."

Ya ƙara sunkuyar da kai.

Habiba ta dube shi, ƙato guda mai kayar da bijimi shi kaɗai, ya dunƙule kamar kazar da ruwa ya daka. Ta so a ce mugunta ce, da ta san yadda za ta yi da shi. Wannan kuwa ladabi ne ya cuce ta, kuma babu alƙalin da ke shari'ar ladabi.

"Kunyarka ta ci mini ɗaki huɗu da rijiya," ta ce. "'Yan mahauta da sunka yi maka dariya, akwai wanda ya taɓa ɗora mini bulo ɗaya? Kai ka ji daɗin zaman ga? Mutum da gidanshi yana cin tuwo a zaure kamar ɗan haya. Ni ban sake ba, kai ba ka sake ba, Murja na tsakiya kamar jakar kai saƙo."

"Ki yafe mini, Inna. Duk abin da kika ce in yi, zan yi."

"Za ka yi kuwa. Na farko, na sauke ka daga wakilci. Jibi ka kai ni Maradun, da bakina zan yi ciniki."

Haka aka yi. A zauren wani ɗan'uwan Lado suka zauna, ita da Sambo da shaidu biyu, Tasi'u na waje yana gadin takalma. Sambo ya yi ta rantsuwa cewa don zumunci kawai zai saya, ya ce dubu ɗari shida. Ta ce ya ji tsoron Allah, kwanon kaɗai ya kusa haka. Ya ce kwano ya sha rana, kuma wa zai shiga garin ya ɓallo shi in ba mai ƙarar kwana ba? Aka ja, aka ja, aka tsaya a dubu ɗari bakwai. Lado ya dube ta. Ta tuna ranar da aka ɗora kwanon ƙarshe, ta dafa shinkafa ta raba wa layin gaba ɗaya. Ta ce, "Na sallama." Aka shafa fatiha, Lado ya cire la'adarsa ba ragi, ta ce masa Allah ya sa ya ci da lafiya, yadda ta faɗa kuwa sai da ya ƙi haɗa ido da ita.

Suka kamo hanyar gida a mota har suka wuce gonakin shinkafa. Sannan ta ce, tana kallon taga, "Na biyu. Lungun da kake turke raguna, shi za ka sayar mini."

Tasi'u ya juyo daga kujerar gaba. "Inna, ai naki ne. Na ba ki kyauta."

"Ban so. Kyauta gidanka ce har gobe. Saye zan yi, da shaidu, da takarda. A ja katanga tsakanina da ku, a fasa mini ƙofa ta waje."

"Ragunan fa, Inna? Saura wata biyu Sallah."

"Ka kai su mahauta, masu dariya su tsare maka."

Wata mata da ke gefenta ta toshe baki da mayafi.

Maƙwabcinsu Yohanna, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma, shi ya rubuta takardar, liman ya yi shaida. Yohanna ya auna wurin da igiya, taku goma sha biyu a tsaye, tara a kwance, ya karanta mata da Hausa sau biyu, ta dangwala yatsa. Tasi'u ya faɗi kuɗin da ko akuya ba za su saya ba, ta ce a tambayi Yohanna yadda ake sayar da irinsa a unguwar, a rage kashi ɗaya cikin uku saboda laifin da aka yi mata. Liman ya ce bai taɓa ganin cinikin da mai saye ke ƙara wa kansa kuɗi ba. Ta ce yau ya gani. Ragunan, da babu inda za a kai su, Tasi'u ya sayar da huɗu tun ba su yi ƙiba ba, ya faɗi a kansu, bai yi ƙorafi ba. Ita ma ba ta ce masa sannu ba.

Abin da ya rage ya isa ɗaki ɗaya da bayi da ƙyauren ƙarfe na hannu. Babu siminti a ƙasa, sai daɓe. Ta tare tun yaɓen bai gama bushewa ba. Murja ta zagayo ta titi da kwanon tuwo, ta tsaya tana yamutsa hanci.

"Inna, har yanzu wurin ga warin raguna yake."

"Zai fita in an yi ruwa biyu."

"Kin dai yafe mishi ko?"

"Na yafe mishi tsakanina da Allah. Mantawa ce ban yi alkawari ba."

Washegari da hantsi tana gyaran gyaɗa a faranti ta ji an ƙwanƙwasa ƙyauren, an yi sallama. Muryar Tasi'u ce, zai wuce kasuwa ya biyo gaisuwa. Habiba ta ƙarasa hure ɓawon da ke farantin, ta gyara ɗaurin kallabi, ta jawo mayafi. Yana nan tsaye a waje, rana na dukansa. Sai da ta shirya tsaf sannan ta amsa, ta ce ya shigo.