Minti Ashirin a Kan Tsibiri

Hajiya Mero ta Ƙofar Kibo ba ta taɓa gamsuwa da aikin 'yarta ba. Tayyiba ta gama kwalejin koyon aikin jiragen sama a nan Zariya, amma maimakon Kano ko Abuja, sai aka tura ta wani tsibiri can kudu, inda mota ba ta zuwa. Shekararta uku ke nan a hasumiyar filin jirgin tsibirin, tana ba jirage izinin sauka da tashi.

Da ta zo hutu, suna tsakar gida suna ɓarar gyaɗa, Hajiya ta sake ɗauko zancen.

"Ki nemi canji mana. Filin da jirgi biyu kawai ke sauka a yini, me kike tsarewa?"

"Iya, titi ɗaya ne tak, amma shi ne hanyar mutanen tsibirin ta zuwa asibiti," in ji Tayyiba.

Sai ta ba ta tarihin wurin. Wani kamfanin katako ne ya share filin tun kafin a haife ta, da ya tashi ya bar wa ciyawa. Masunta da matansu suka fito da adduna suka sassabe shi, suka yi ta kai kuka har aka zuba kwalta. Har yau, kowace safiya sai an zagaya titin da mota an kori tsuntsayen ruwa kafin ita ta buɗe rediyo.

"A daminar bara aka kawo wata mai naƙuda, kwana biyu haihuwa ta ƙi. Jirgin da zai ɗauke ta yana sama, ga hadari ya rufe teku. Matuƙin ya nemi sauka, na ce ya dakata. Mijin matar har bakin matakalar hasumiya ya zo yana roƙona."

Hajiya ta ajiye faifan gyaɗar. "Kika hana?"

"Iskar tana bugun titin ta gefe, Iya. Minti ashirin yana shawagi, idona a kan ma'aunin iska. Tana lafawa na ce ya shigo. Kafin la'asar an yi mata aiki a birni, aka ciro 'ya mace da ranta."

Hajiya ma ta taɓa doguwar naƙuda, ta san nauyin minti ashirin. Ta daɗe tana kallon yarinyar nan da a da ko yankan kaza ba ta iya tsayawa gani.

"Yanzu ai jaririyar ta fara tafiya ko?"

"Ta fara takawa, har bakin shingen filin uwar ke kawo ta."

Washegari Hajiya ta yafa mayafi ta shiga kasuwa da kanta. Ta dawo da turmin atamfa da ɗan takalmi ja, ta cusa su a jakar Tayyiba.

"Ki ce daga kakarta ta Zariya."