Kek Mai Matakala

Mai kek ta latsa wayarta, ta juyo da ita gaban amarya kamar wadda ke nuna mata hanyar aljanna.

"Wannan ake yayi yanzu. Hawa shida, ruwan gwal na gangarowa ta gefe, furannin nan duk sukari ne. A kan dandamali muke ɗora shi, ku hau matakala ke da ango da iyaye, hayaƙi na tashi ta ƙarƙashinku."

Auta, amaryar, ta dafe ƙirji da dogayen faratan da ta liƙa. Yayarta tana tsaye a bakin ƙofa, don kujerun shagon farare ne ƙal, kuma tun shigowarsu mai kek ta yi wa mayafinta kallo ɗaya ta kawar da kai.

"Duk wannan mutane za su cinye?" in ji Yaya.

Mai kek ta yi dariyar da ake yi wa baƙauye. "Haba baiwar Allah, wa ke cin kek a zamanin nan? Hawan ƙasa ne kaɗai na gaske, sauran soso ne muke shafewa da sukari. Hoto ake nema."

"To ai keken Baba ba zai hau matakala ba."

"Au, Baba ma kek za a yi masa?"

"Keke na ce. Keken guragu."

Mai kek, da yake 'yar kasuwa ce, ta yi maza ta nemo wani hoton: kek a kan gajeren teburi, furanni zube a ƙasa, dangi sun kewaye shi har da wata tsohuwa a zaune.

"Ga wannan, shi ma yana tafiya sosai. Kowa zai iya matsowa."

Auta ko kallo na biyu ba ta yi masa ba, ta ture wayar da bayan hannu. "Wannan ai na bikin suna ne. Mai matakalar nake so, Anti. In da hali ma a ƙara wa dandamalin tsawo."

Sai a lokacin Yaya ta gane ba mantawa ƙanwarta ta yi ba.

*

Baba kafinta ne. Da zarto da guduma ya kai Auta jami'a, kafin shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, ta karkace masa baki. Tun da aka sa ranar biki ya sa aka jingina masa madubi a gefen gado. Kullum da hantsi yana gabansa yana kokawa da harshensa, yana son ranar ya iya cewa "Allah ya yi albarka" ba tare da kalmomin sun tsinke ba.

A kicin Yaya ta ritsa Auta, ta tura ƙofa.

"Ke ko kunyar Allah ba ki ji?"

"Yaya, don Allah kar ki fara. Dangin mijina sun san shi, sun zo sun gaishe shi, me ya rage? Amma bidiyon nan duniya za ta gani. So kike ina yanka kek ana goge masa yawu a bayana? Kin san irin abin da ƙawayena za su rubuta?"

"Ubanki ne fa."

"Na ce ba ubana ba ne? Kawu zai tsaya a madadinsa. Ai ƙanin uba uba ne."

Kawun da tun kwanciyar Baba sau ɗaya ya leƙo, ko zama bai yi ba, wai warin magani na tayar masa da zuciya. Amma yana da tumbi da agogo mai ƙyalli, ya dace da ruwan gwal.

"Wa zai faɗa wa Baba?"

Auta ta hura farcenta. "Ba sai an faɗa ba. A ce masa mota za ta dawo ta ɗauke shi."

*

Yaya ta yi ta alwashin faɗa masa gaskiya. Duk sanda ta shiga ta same shi gaban madubi, sai ta gyara masa matashi ta fita.

Ranar biki da rana gidan ya watse, aka bar ƙamshin turare da ledojin kwalliya a tsakar gida. Ta yi masa wanka, ta sa masa sabuwar riga, ta durƙusa ta cusa kumburarrun ƙafafunsa cikin takalmi. Ya ce ta tura shi bakin ƙofa, kada direba ya sha jira. Duk motar da ta shigo layin sai ya ɗago kai.

Maƙwabciyarsu ce ta shigo da sauri, waya a hannu, baki har kunne.

"Malam, ashe kana nan! Ga shi ana nunawa kai tsaye. Wallahi ban taɓa ganin kek irin wannan ba!"

Kafin Yaya ta tare ta, ta riga ta kanga masa wayar a fuska.

Hayaƙi ya cika dandamali. Auta na hawa matakala a hankali, ana riƙe mata jelar riga. Mai gabatar da taro ya kwarara murya: "Jama'a, a tafa wa uban amarya!" Kawu ya haye yana ɗaga hannu, ya dafa kan Auta, ya sa mata albarka da lafiyayyen harshe. Zauren ya ɗauki tafi.

Murmushin maƙwabciyar ya dushe. Ta janye wayar, ta ce ta bar tukunya a wuta.

Baba ya daɗe yana kallon layin. Yaya ta tsuguna gabansa. Ya motsa baki, kalmomin suka fito ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta tsinke.

"Cire min takalmin nan. Ya matse ni."