A Dawo Mana da Mai Ƙusa

Shekara ashirin da shida yana zana mujallar Rundunar Ƙarfe, kuma babu mai karatu ko ɗaya da ya taɓa ganin fuskarsa. Dokar kamfanin ce tun farko: ba a buga sunan mai zane, ba a buga hotonsa. Abin da aka yarje masa kawai shi ne 'yar alama a kusurwar shafin ƙarshe, shi kuwa ya zaɓi ya riƙa zana ƙusa guda. Daga nan masu karatu suka laƙaba masa Mai Ƙusa. Har matarsa, in tsokana ta motsa mata, da wannan sunan take kiransa cin abinci.

Labarin mujallar ba wani mai tsawo ba ne. Wasu mutum-mutumi na ƙarfe ne suka faɗo daga wata duniya can bayan taurari, jirginsu ya tarwatse, suna ta neman hanyar komawa gida. Wata bayan wata suna nema, kuma da alama ba za su samu ba muddin ana sayen mujallar. Jagoransu Tsatsa, tsohon ƙarfe mai karkatacciyar kafaɗa, da ƙusoshi arba'in da ɗaya a ƙirji. Wani ne ke rubuta labarin, amma kowa ya san don zanen ake saye. Mai Ƙusa bai taɓa ɗora rula a kan takarda ba. Da hannu kawai yake jan layi ya fita santal, kuma ya sha yi wa masu amfani da rula dariya, wai su koma zanen gini.

Sai hannunsa ya soma rawa. Rawar ta fara ne daga ƙaramin yatsan hannun dama. Daga baya kofin shayi ya fara ƙara a kan faranti in ya ɗauka. Likita ya faɗi wani dogon suna, ya rubuta ƙwayoyi, ya ce za su rage wa ciwon gudu amma ba za su mayar da shi baya ba. Ban da matarsa ba wanda ya gaya wa.

Babu dabarar da bai gwada ba. Ya danne tsintsiyar hannun da hagu. Ya sayi alƙalami mai nauyi. Ya koma aiki da sassafe, lokacin da rawar ke ɗan lafawa. A ƙarshe ya aiki matarsa ta sayo masa rula, ta kawo ta ajiye a kan tebur ba tare da ta kalle shi ba. Shafin da a da yake gamawa kafin la'asar, yanzu sai ya ci kwana huɗu, kwandon shara ya cika da takardu.

Masu karatu kuwa ba a yi musu wayo. Mutane ne da za su manta ranar haihuwar 'ya'yansu amma ba za su manta yawan ƙusoshin ƙirjin Tsatsa ba. A shafinsu na intanet suka jera tsohon zane da sabo, suka ƙara musu girma, suka bi da jan alƙalami suna kewaye duk inda layi ya yi gargada. Wani ya ƙirga ƙusoshi ya samu talatin da takwas. Cikin mako biyu suka yanke hukunci: kamfani ya kori Mai Ƙusa a ɓoye, ya ɗauko wani ɗan koyo mai araha, har da ba shi izinin satar alamar. Wasu ma cewa suka yi ya rasu an rufe zancen, suka shiga yi masa addu'a.

Matarsa ta yi ta ɓoye wayarta, amma gida ɗaki biyu ne. Ya karanta komai. Zagin bai dame shi sosai ba. Abin da ya karya masa zuciya shi ne yabon. Bai taɓa sanin ana son sa haka ba sai yanzu da ake neman a kore shi don a dawo da shi.

Editan mujallar, wanda a haife bai wuce ɗan cikinsa ba, ya kira shi ofis ya rufe ƙofa. Ya yi ta kewaye-kewaye, yana gyara takardun da ba su buƙatar gyara, kafin ya ce masu kamfanin sun ji labarin ana haɗa takardar koke. In ta iso da sa hannun mutane da yawa, dole a ba wani shafukan.

"Baba, lafiya dai ko?" ya tambaya, idonsa a kan aljihun da Mai Ƙusa ya cusa hannunsa.

Mai Ƙusa ya ce tabarau ne ke son canji. Su biyun sun san ba tabarau ba ne, kuma sun san in aka faɗi sunan ciwon a wannan ofis, za a sallame shi ran nan da godiya da agogon bango.

Matarsa ce ta matsa masa ya je taron da masoyan suka kira ranar Asabar. Ta ce mutanen da ke yi masa addu'a tun bai mutu ba, ai in ya tsaya gabansu ya nuna musu hannun, za su yayyaga takardar da kansu. Ya ce mata to, daga nan fa? Su ci gaba da sayen zanen banza don tausayi? Duk da haka ta goge masa riga.

A saman wani kantin littattafai aka yi taron, da yamma, a ɗaki mai kujerun roba da fanka ɗaya mai ƙara. Ya zaci yara zai tarar. Sai ga manyan mutane, wasu da furfura, wasu da kayan aiki a jiki: malamin makaranta, direban bas, wata nas da ta taho kai tsaye daga asibiti. Kusan kowa na rungume da tsofaffin mujallu a cikin leda. Ya samu kujera a can baya ya zauna a kan hannunsa.

Wanda ya jagoranci taron wani mai walda ne, ƙato, mai tabon ƙuna a damtse. Ya ce a wannan mujallar ya koyi karatu, bayan malamai uku sun haƙura da shi. Ya ce saboda Tsatsa ya shiga sana'ar ƙarfe, kuma har yau in ya yi haɗi mai kyau sai ya ce a ransa, da Mai Ƙusa ya gani da ya yaba. Ya yi gyaran murya. Sannan ya ɗaga wani shafi na fitowar watan jiya, wanda aka buga da girma a kan kwali.

Mai Ƙusa ya gane shi nan take. Kwana shida ya yi a kan shafin nan, kuma da ya gama har ya kira matarsa ta zo ta gani. Yanzu da ya hango shi daga nesa, a hannun wani, sai ya ga abin da suke gani. Kafaɗar Tsatsa ta narke kamar kyandir. Layukan rula sun tsaya ƙiƙam babu rai, sauran kuwa sai karkarwa suke. Ba sharri suka yi masa ba ko kaɗan, gaskiya suka faɗa.

Da aka ce ko akwai mai magana, ya miƙe. Kawuna suka juyo. Duk abin da ya shirya a hanya ya bi iska.

"Na ce ko wataƙila shi ma iya ƙoƙarinsa ke nan," in ji shi.

Aka ɗan yi dariya, ba ta raini ba. Nas ɗin ta ce to sabon mai zanen ya je ya yi ƙoƙarin a wani wuri. Mai walda ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Baba, kana da kirki. Amma da ka san aikin Mai Ƙusa kamar yadda muka san shi, da kai ma ranka ya ɓaci."

Ya gyaɗa kai ya koma ya zauna. Kalma huɗu ko biyar ce ta rage ya faɗa, amma ya duba fuskokin nan ya ga ba zai iya ba. Mutumin da suke so yana nan lafiya lau a zukatansu, da hannunsa mai kyau, kuma shi ba shi da abin da zai ba su a madadinsa.

Takardar koken ta bi layi-layi har ta iso baya, mai walda da kansa ke zagayawa da ita. Buƙata biyu ce a samanta: a cire mai zanen yanzu, a dawo mana da Mai Ƙusa. Ya daɗe yana kallon ta biyun. Duk ɗakin nan ba wanda ya kai shi son ta tabbata.

Ya zaro hannunsa ya karɓi biro. Bakin biron ya shiga buga takardar, ɗis-ɗis, ya kasa tsayawa a kan layi. Ya danne da hagu, abin ya ƙi. Mai walda ya durƙusa a gabansa, ya rage murya don kada na kusa su ji, ya ce mahaifinsa ma haka ya yi fama, ba abin kunya ba ne. Ya ɗora ƙaton tafinsa a kan hannun, ya riƙe shi cak, suka rubuta sunan tare, harafi bayan harafi. Sunansa ne na gaskiya, kuma mai walda ya karanta shi bai ji komai ba.

"Mun gode, Baba," ya ce, yana miƙa takardar ga na gaba. "In Allah ya yarda, wata mai zuwa za ka ga bambanci."