Sakin Gona a Maruta

Malam Sada yana kurɓar koko a ƙofar gidansa a Birnin Kudu, sai ya ji kansa yana magana a rediyon mai shayin da ke tsallaken titi.

"Salamu alaikum jama'a, naku ne Sada. Makiyayan Maruta, albishirinku! An gama girbi, dagaci ya saki gona. A kora shanu su ci kara lafiya."

Kokon ya sarƙe shi. Tun farkon damina aka sallame shi daga gidan rediyon, ko ƙofarsa bai sake takawa ba. Wannan magana bara ya yi ta, shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri. Bana kuwa damina ta makara. Da idonsa ya ga dawa a tsaye a hanyar Gwaram, wake ko tsinka ba a fara ba.

Don wannan sanarwa aka kafa tashar tun asali. Shekarar da aka zubar da jini tsakanin manoma da makiyaya a kan gonar wake, dattawan ɓangarorin biyu suka ce ya isa haka. Wannan ya kawo buhu, wancan ya kawo maraƙi, aka kafa dogon ƙarfen rediyo kusa da wata tsamiya. Ƙa'idar ɗaya ce: saniya ba ta taka gona sai an ji daga bakin Sada, shi kuma ba ya faɗa sai ya je ya gani, dagaci ya tabbatar. Da man janareto ya gagari ƙungiyar dattawan, Alhaji Maikano mai hatsi ya saye tashar, ya cika ta da tallan taki, amma bai taɓa shirin Sada ba. Daga shi sai wani ɗan siyasa, wanda ya rufe layin masu kiran waya don sun dame shi da maganar hanya. Ya sha kaye a zaɓe, ya sayar wa wani kamfani na Kano. Kowa ya zo sai ya sake fenti, ya sake suna. Mutane dai Rediyon Tsamiya suka sani, ko da yake ita ma tsamiyar an sare ta an yi wurin ajiye motoci.

Sada ya kira Barau, ardon makiyayan Maruta. Waya ba ta shiga, don a ruga sai an hau tudu ake samun sabis. Ya kira dagaci, nan ma shiru. Ya zura takalmi ya nufi tashar.

Musaddiq, sabon manajan, saurayi ne mai fara'a, haihuwar birni. Ya tarbe shi hannu bibbiyu.

"Baba Sada! Ka ji ka yau? Wallahi jama'a na son muryarka. Mun tarar da shirye-shiryenka na bara a kwamfuta, muka ce a riƙa sa su bi da bi, kullum ɗaya."

"Ɗana, wannan ba waƙa ba ce da za a maimaita. Izini ne. Yanzu haka ana kwance shanu. Buɗe mini makirufo in warware."

Murmushin Musaddiq ya ragu. Ya kira Kano har sau biyu ba a ɗauka ba.

"Baba, ba ni da ikon katse shiri. Daga yanzu zuwa azahar masu maganin basir sun saye lokacin."

"To ku cire muryata daga na'urarku."

"Ai da ginin, da ƙarfen, da abin da ke cikin kwamfutar, duka aka saya," in ji Musaddiq, yana kallon ƙasa.

Sada ya juya ya fita. Ya tare ɗan acaɓa, suka kama hanyar Gwaram. Duk gonar da suka wuce, amfanin yana nan ba a girbe ba. Tsoro yake ji ƙwarai, don shi ya ga gawarwakin waccan shekarar, kuma har yau bai manta yadda aka jera su a ƙofar dagaci ba.

Sun isa Maruta an idar da azahar, aikin gama ya gama. An kore shanun, amma gonar Hapsatu, wata bazawara mai marayu, ta koma kamar filin ƙwallo. Samarin gari sun ja daga da gora da adduna. Barau da 'ya'yansa suna ɗaya gefen, rediyo rataye a kafaɗarsa. Dagaci na tsakiya, rawaninsa ya jiƙe da gumi.

Hapsatu ce ta fara hango shi.

"Malam Sada, kai? Kai da ka sha furata a gonar nan? Waken da zan ciyar da yaran nan ka saki?"

"Na ga dawa a tsaye, raina bai kwanta ba," in ji Barau a hankali. "Amma na ce Malam ba ya faɗa sai ya gani. Tun mahaifina na da rai haka muka saba."

Sada ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya yi bayani tiryan-tiryan. Muryar tasa ce, amma maganar bara ce, an saye ta tare da ginin. Samarin suka sassauta riƙon gorarsu, sai dai ba wanda ya ajiye tasa. Barau ya ce duk abin da dagaci ya yanke na ɓarnar, ya ɗauka.

Dagaci ya goge fuska, ya dubi Sada.

"Mun ji, Malam. To gobe in mun ji ka a rediyo, yaya za mu gane kai ne ko na bara?"

Barau ya sauke rediyon daga kafaɗarsa, ya naɗe igiyar a jikinta, ya miƙa wa Sada da hannu biyu.

"Riƙe abinka, Malam."

Ya juya ya bi shanunsa. Hapsatu ta durƙusa tana tsintar kwanson waken da kofato ya tsallake, tana zubawa a gefen zaninta.

A bakin hanya ɗan acaɓa ya tayar da babur.

"Gida, Baba?"

Sada ya tsaya da rediyon a hannu, yana tuno bara. Bayan Maruta, wane gari ya saki washegari? Bi da bi, in ji Musaddiq, kullum ɗaya.

"Kai ni Kangire," ya ce. "Gobe da safe zan saki gonakinsu a rediyo. Gara su ji daga bakina yau cewa kada su yarda da ni."