Ranar da Baba Ya Nemi Haske

A sana'ar ɗaukar hoto babu kalmar da take ƙona min rai kamar haske. Mutum zai shigo shagona da baƙar fatarsa mai sheƙi, in ɓata lokaci ina jera fitilu, in ɗauke shi ya fito ras, sai ya leƙa bayan kyamara ya yamutsa fuska ya ce, "Ɗan ƙara min haske mana." Ba fitila yake nufi ba. So yake in wanke shi har uwar da ta haife shi ta kasa gane shi.

Shi ya sa da Yaya ta kira ni ta ce Baba ya yarda zai zo, na rantse wannan hoton babu mai sa min baki. Baba bai taɓa zama gaban kyamarata ba. Tun da na bar masa garejinsa na walda na kama wannan aiki yake kirana Mai Ƙyas, saboda ƙarar kyamara, ko a gaban baƙi. Hotonsa ɗaya ne a gidanmu, na katin aiki, shi ma ruwa ya cinye rabinsa. Na san halinsa, in ya tashi daga kujerar nan ba zai sake zama ba.

Baba baƙi ne wuluk, goshinsa duk tabon tartsatsin walda. Irin wannan fata ba a watsa mata fitila gaba da gaba, sai ta yi fari-fari kamar an shafa toka. Na ajiye babbar fitila a gefensa na dama cikin lema don haskenta ya yi laushi, na jingina farin allo a hagu ya maido kaɗan kan kumatu, na sa ƙaramar fitila a baya ta raba kafaɗarsa da labule. Idon kyamara kuwa na tsuke shi, don kowane tabo ya fito.

Yaya ce ta shigo da shi, tana riƙe da gwiwar hannunsa har kan kujera. Wannan ma ya ba ni haushi, mutumin da yake ɗaga ƙofar ƙarfe shi kaɗai ake lallaɓawa kamar ƙwai.

"Baba, ɗan ɗaga haɓa."

Ya ɗaga. Sai ya ce, "Mai Ƙyas, ƙara haske."

Na yi kamar ban ji ba. Na gyara masa wuyan riga, na koma bayan kyamara.

"Na ce ka ƙara haske."

"Ka ƙara masa mana, Auta," in ji Yaya, murya ƙasa-ƙasa.

Nan fa raina ya ɓaci. Na ce, "Har da kai, Baba? Kai da ka ce aikina ƙarya ce da wasan yara, yau kai ne kake so in yi maka ƙaryar? Wallahi ba zan wanke ka ba. Yadda Allah ya yi ka haka za ka fito. Ke kuma Yaya, in farin uba kike so, ga shaguna nan cike da titi, su mayar miki da shi jariri ma."

Cikin fushin na danna kyamara, fitilun biyu suka tashi tare, fau. Yaya da take gefe sai da ta kare fuska da mayafi. Kowa yana ƙiftawa in filasha ta tashi, har ni da na saba. Baba bai ƙifta ba.

Na duba hoton. Fatar ta fito yadda nake so, tabo ɗaya bai ɓace ba. Amma idanunsa ba ni suke kallo ba, sandar lema suke kallo, kuma a tsakiyar kowanne akwai wani fari kamar an ɗiga madara. Na matso da hoton sosai.

"Tun yaushe?" na tambayi Yaya.

"Tun bara. Likita ya ce wutar walda ce ta taru da ciwon suga. Na hagun ya riga ya tafi."

"Tun bara, kuna kallona ina shiga ina fita, aka rasa mai buɗe baki? Ni bare ne a gidan?"

"Shi ya hana."

"Ni na hana," in ji Baba. "Kai da ido kake cin abinci, ban ga amfanin ɗora maka tsoro ba. Daina yi wa yayarka ihu. Cewa na yi a kawo ni tun ina iya ganin inuwarka, in ga yadda kake aikin nan. To na zo, ɗakin duhu."

Ban taɓa jin haushi irin na ranar ba, kuma na rasa wanda zan sauke wa. Na fizge lemar na jefar, na kunna fitilar silin, na yaye labulen taga, na jawo kowace fitila da na mallaka na juyo da su kaina, duk tsarin da na yi tun safe ya rushe. Na tsaya a tsakiyarsu zafi yana dukan fuskata, kyamara a hannu.

Baba ya karkata kai, yana lalube da ido ta wajen ƙofa.

Na ce, "Baba, nan nake."